Minti Ɗaya da Agogo: Tarihin Gane Ciwon Haƙarƙarin Yara

Idan hunturu ya kankama a ƙasar Zazzau, akwai wani sauti da kusan kowane gida a Hunkuyi da Taban Sani da Maƙarfi da Ikara ya saba da shi, wato tarin yaro cikin dare. Mafi yawan wannan tari ba abin tayar da hankali ba ne. Mura ce, za ta yi kwanakinta ta wuce, ko an sha magani ko ba a sha ba. Sai dai a cikin yaran da ke tarin akwai 'yan kaɗan da ciwon ya gangara musu cikin huhu, a cikin waɗannan kuma akwai wanda kwana biyu ko uku ne kawai tsakaninsa da ajali in ba a farga da shi ba. Tambayar da ta daɗe tana cin masana lafiyar yara ita ce yadda za a tsamo wannan yaro daga cikin sauran, a garin da babu likita, babu na'urar ɗaukar hoton ƙirji, babu ɗakin gwaji.

Amsar da duniya ta tsaya a kanta, shekaru arba'in ke nan, tana da sauƙin da har mutum zai raina ta: a yaye wa yaro riga, a dubi agogo, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, wani yanki na hujjar da ta haifi wannan amsa a Zariya aka samo shi, tafiyar da ba ta kai awa guda a mota ba daga Hunkuyi.

Kafin tarihin, yana da kyau mai karatu ya san abin da ke faruwa a cikin ƙirjin yaron. Huhu kamar soso yake, cike da miliyoyin ƙananan aljifai na iska, kuma ta bangonsu ne iskar oksijin ke ratsawa ta shiga jini. Idan ƙwayar cuta ta samu shiga, sai wasu aljifan su cika da ruwa da mugunya, su daina aiki. Jiki ba shi da wata dabara illa ya ƙara saurin numfashi domin ragowar huhun ya cike giɓin. In abin ya yi nisa huhu yakan yi tauri, sai yaro ya riƙa jan iska da ƙarfi, tun da kuma ƙashin ƙirjinsa bai gama ƙwari ba, sai a ga ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi. Saurin numfashi da lotsawar haƙarƙari, waɗannan su ne alamu biyu da dukkan labarin nan ya rataya a kansu.

A nan ya kamata a yi wa iyayenmu adalci. Tun kafin kalmar nimoniya ta shigo bakin mutane, Bahaushe yana kiran wannan lalura ciwon haƙarƙari ko ciwon awazu. Sunan kansa ya nuna inda idon uwa yake kallo, kuma nan ne daidai inda littattafan horar da ma'aikatan lafiya na yau suke cewa a kalla. Uwar da ta ce ɗanta yana haki, ko numfashinsa na sama-sama, ko awazunsa na faɗawa, ta faɗi abin da likita zai rubuta da wasu kalmomi. Inda hanya ta rabu shi ne wajen dalili da magani. An ɗora laifin a kan sanyi, saboda haka aka nufi yaƙi da sanyi: a naɗe yaro da zannuwa, a toshe ƙofa da taga, a hura garwashi a ɗaki, alhali hayaƙin nan shi kansa yana ƙara wa huhu wahala. In tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai a kira wanzami ya cire beli, ko ya yi tsaga ko ƙaho a gefen ƙirji. Ba wauta ce ta sa aka yi haka ba. A zamanin da babu maganin da ke kashe ƙwayar cutar, likitan Landan ma ba shi da abin da ya fi wannan amfani. Shi ma zubar da jini da kafa ƙaho ya daɗe yana yi.

Abin da likitancin Turai ya fara samu shi ne kunne, daga baya ido. A 1816, a birnin Faris, René Laennec ya naɗe takarda ya ɗora bakinta a ƙirjin wata maras lafiya, ya ji abin da kunne tsura ba ya ji, daga nan aka samu abin sauraren ƙirji da likitoci ke ratayawa a wuya. A 1895 Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ake ɗaukar hoton cikin jiki da shi a Jamus. Magani na haƙiƙa kuwa ya yawaita da fenisilin ya wadata a shekarun 1940. Duk waɗannan abubuwa uku suna da sharaɗi guda: sai da likita, sai da asibiti, sai da wuta. Ga yaron da ke ƙauye a lardin Zazzau, inda likita ɗaya ke fuskantar dubban ɗaruruwan mutane, samuwarsu da rashinsu kusan ɗaya ne.

An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, makarantar koyon likitanci ta biyo baya a 1967, kuma shekarun 1970 suka zama wani zamani na musamman a asibitinta na Tudun Wada, tun kafin a koma Shika. Likitoci irin su Eldryd Parry da Brian Greenwood da Hilton Whittle da David Warrell sun yi aiki a nan, suna binciken sanƙarau da ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro da saran maciji, wasu a Zariya, wasu a Malumfashi. A cikin wannan yanayi ne wani likitan yara, Michael Silverman, da abokan aikinsa suka yi wani bincike da aka buga a 1977. Sun ɗauki yara 88 masu matsanancin ciwon huhu waɗanda ba a riga an ba su magani ba, suka soka siririyar allura ta tsakanin haƙarƙari har cikin wurin da ciwon yake, suka zuƙo ɗan ruwan da ke ciki suka duba. Jin wannan kaɗai na iya sa tsigar jikin uba ta tashi, kuma a yau ba kasafai ake yin sa ba. Amma babu wata hanya da za a tambayi huhu kai tsaye.

Abin da suka samu ya kasu uku. Na farko, a cikin yara 73 daga 88 an tabbatar bakteriya ce ta haddasa ciwon, wato irin ƙwayar cutar da magani kamar fenisilin ke kashewa. Na biyu, gwajin majinar maƙogwaro yana ɓatar da likita, domin abin da ke zaune a maƙogwaro ba lallai shi ne ke cikin huhu ba. Na uku, kuma wannan ne ya fi ba ni mamaki ranar da na fara karanta shi, hoton ƙirji bai iya faɗin wace ƙwaya ce ke ɓarnar ba.

Me ya sa wannan ya zama babban labari? Domin a lokacin ra'ayin da ya fi ƙarfi, wanda aka gina a kan yaran Turai da Amurka, shi ne mafi yawan ciwon ƙirjin yara bairos ne ke kawo shi, shi kuwa bairos maganin bakteriya ba ya taɓa shi. Da haka abin yake a ko'ina, da babu ma'ana a raba wa ma'aikatan ƙauye magani. Binciken Zariya, tare da irinsa daga wasu ƙasashe matalauta, ya nuna cewa yaran da ciwon huhu ke kashewa a irin ƙasashenmu galibi bakteriya biyu ne ke cin su: nimokokas da wadda ake taƙaita sunanta da Hib. Dukansu kuwa magani mai arha yana maganinsu. Saura tambaya ɗaya: wane yaro za a ba?

Amsar ta fito daga wani wuri mai nisan gaske. A garin Goroka, cikin tsaunukan Papuwa Niyu Gini da ke arewacin Ostireliya, wani likitan yara mai suna Frank Shann ya yi irin gwajin allurar nan ya samu sakamako makamancin na Zariya. Sai ya ƙara taki ɗaya. Ya bi yara masu tari ɗaya bayan ɗaya yana gwada kowace alama, har da zafin jiki, domin ya ga wacce ce ta fi dacewa da abin da ƙwararren likita ke ji a ƙirji. Wadda ta yi zarra ita ce saurin numfashi. A 1984 ya wallafa cewa numfashin da ya haura 50 a minti ya isa hujjar ba da magani, lotsawar ƙirji kuwa hujja ce ta kwantarwa a asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki wannan, aka sake gwada shi a ƙasashe da dama har da Gambiya, aka daidaita lissafin bisa shekaru. Ma'aunin da aka tsaya a kai, wanda har yau shi ake koyarwa, shi ne: jaririn da bai kai wata 2 ba, numfashi 60 ko fiye a minti, daga wata 2 zuwa wata 11, numfashi 50, daga shekara 1 zuwa ƙasa da 5, numfashi 40.

A lura da abin da aka yi a nan. Ba a ƙirƙiro sabon magani ba, ba a ƙera sabuwar na'ura ba. An ɗauke hukunci ne daga hannun likita aka miƙa shi ga duk wanda ya iya ƙirge. Likitoci da yawa ba su ji daɗin haka ba, kuma suna da hujja, za mu zo kanta. Amma da aka tattara sakamakon gwaje-gwajen da aka yi a ƙauyukan Asiya da Afirka, a wani nazari da Sunil Sazawal da Robert Black suka buga a 2003, sai aka ga wannan tsari ya rage mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara 5 ta dalilin ciwon huhu da kashi 36 cikin 100, mutuwarsu gaba ɗaya kuma da kashi 24. UNICEF ta riƙa raba wani ɗan agogo mai yin ƙara idan minti ya cika. A Yuganda da Sudan ta Kudu, inda wasu masu aikin sa-kai ba su yi karatun boko ba, an gwada ba su duwatsu a zare su riƙa ja suna ƙirge, abin da duk mai riƙe carbi ba ya bukatar a koya masa.

A Nijeriya, ƙofar da wannan ilimi ya shigo ta ita ce kiwon lafiya matakin farko. Taron Alma-Ata na 1978 ya kafa aƙidar, amma wanda ya ba ta ƙafafu a nan shi ne Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara da ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992. Shi ya dage cewa lafiyar talaka a ƙaramin asibitin unguwa take, a hannun ma'aikacin lafiyar al'umma, ba a dogayen benayen asibitocin koyarwa ba. Irin waɗannan ma'aikata ne makarantar koyon aikin lafiya ta Shehu Idris da ke Maƙarfi ta daɗe tana yayewa, kuma da wuya ka shiga ƙaramin asibiti a arewacin Kaduna ba ka tarar da ɗalibinta ba. A 1997 Nijeriya ta rungumi tsarin duba yaro maras lafiya gaba ɗayansa, wanda ya haɗa tari da zazzaɓi da gudawa da ƙyanda da tamowa a takarda guda, ƙirga numfashi yana tsakiyarta. Sai dai nauyin waɗannan asibitoci an ɗora shi a kan ƙananan hukumomi, waɗanda su ne mafi rauni a matakan gwamnati uku. Bayan tafiyar Ransome-Kuti magani ya yanke a kantoci, rigakafi ya faɗi warwas, ma'aikacin da aka koya wa ƙirge ya wayi gari ko ya ƙirga ba shi da abin bayarwa. Wanda ya cike gurbin shi ne mai kemis na bakin kasuwa, wanda sau da yawa ba ya ma ganin yaron. Uba ne ke zuwa ya ce a ba shi na tari.

Akwai zare na biyu da shi ma ya taso daga Zariya. Brian Greenwood, bayan shekara goma a can, ya koma Gambiya a 1980 ya shugabanci cibiyar binciken likitanci ta Birtaniya da ke ƙasar, kuma cibiyar ta mayar da hankali a kan ƙwayoyin nan biyu. A Gambiya aka gwada rigakafin Hib a shekarun 1990. A can kuma, a yankin Basse, aka gwada rigakafin nimokokas, sakamakon da ya fito a 2005 ya nuna raguwar ciwon huhun da hoto ya tabbatar da kashi 37 cikin 100, da raguwar mutuwar yara ta kowane dalili da kashi 16. Rigakafin Hib bai shiga jadawalin Nijeriya ba sai 2012, cikin allurar nan mai kariya daga cututtuka biyar. Na nimokokas kuwa sai Disamban 2014 aka fara shi, jiha-jiha. Daga 1977 zuwa 2014 shekara 37 ke nan. Yaran da aka soka wa allura a Tudun Wada, waɗanda Allah ya raya, sun riga sun zama iyaye kafin kariyar ta iso unguwarsu.

Isowarta ma ba ta nufin ta shiga jikin kowane yaro. Abin da ya faru da gwajin maganin Trovan a Kano a 1996, da taƙaddamar rigakafin shan inna ta 2003, sun bar tabo a zukatan iyaye, kuma ba adalci ba ne a ce shakkarsu ba ta da tushe. Amma kuɗin shakkar yara ne ke biya. Annobar mashaƙo da ta tashi a ƙarshen 2022, wadda ta fi tsanani a Kano ta kuma taɓa jihohin da ke maƙwabtaka da ita har da Kaduna, ta fi kama yaran da ba su samu allurar nan mai biyar ba. Allurar da ke hana mashaƙo ita ce dai ke hana tarin shiƙa da Hib. Duk inda aka ga mashaƙo ya ɓulla, to a san akwai wasu ƙofofi biyu a buɗe.

Yanzu ga hujjar likitocin da suka yi gunaguni. Saurin numfashi ba na ciwon huhu kaɗai ba ne. Yaron da zazzaɓin cizon sauro ya kama yana haki. Wanda jininsa ya ƙare yana haki. Mai asma yana haki, kuma shi abin da yake bukata maganin buɗe hanyoyin iska ne, ba amoksilin ba. Yara da dama sun sha kwalabe bayan kwalabe na maganin bakteriya shekara da shekaru kafin wani ya saurari ƙirjinsu ya ji shewar asma. An tsara ma'aunin ne da gangan domin ya kama da yawa, bisa lissafin cewa gara a ba yara biyar maganin da ba su bukata da a rasa ɗaya. A 1984 wannan lissafi daidai ne. A yau yana bukatar sake dubawa, domin rigakafi ya rage ƙarfin bakteriyar nan biyu. Wani babban bincike da aka yi a ƙasashe bakwai, har da Gambiya da Mali, aka buga a 2019, ya gano cewa kusan kashi 6 cikin 10 na matsanancin ciwon huhun da ke kai yara gadon asibiti bairos ne. Ga kuma matsalar ƙwayoyin cuta da ke daina jin magani saboda yawan shan sa barkatai. A ganina wannan ba dalilin barin ƙirge ba ne. Matsalarmu ba yawan ƙirge ba ce. Wanda ba ya ƙirgawa shi ne ya fi kowa rabon magani, domin shi kowane tari nimoniya ne.

Inda ƙirge ya gaza da gaske shi ne wajen gane yaron da iskar jininsa ta yi ƙasa. Irin wannan yaro magani kaɗai ba ya isar sa, domin yana iya cikawa kafin maganin ya fara aiki, kuma ido ba ya saurin gane shi, musamman a baƙar fata inda shuɗin leɓe ba ya fitowa fili. Na'urar da ke gane shi 'yar ƙarama ce da ake maƙalawa a yatsa, wadda injiniya Takuo Aoyagi ya ƙirƙiro tushenta a Japan a farkon shekarun 1970. In ta nuna ƙasa da 90, yaro yana bukatar oksijin. A Papuwa Niyu Gini dai, Trevor Duke da abokan aikinsa sun nuna a 2008 cewa sanya wannan na'ura da injin tace oksijin a asibitocin karkara ya rage mutuwar yara masu ciwon huhu da kashi 35 cikin 100. Nijeriya ta fitar da tsarin ƙasa na samar da oksijin a 2017, annobar korona kuma ta sa aka kafa injuna a manyan asibitoci. Amma injin yana son wuta dare da rana, yana son mai gyara, yana son siririn bututun hanci daidai da jariri. Jihar Kaduna tana da gundumomi 255, kuma an yi aikin gyara asibiti ɗaya a kowace gunduma. Ma'aunin da ya kamata mu riƙa auna irin wannan aiki da shi ba fenti ba ne, a tambaya ko akwai na'urar yatsa mai aiki a aljihun wanda ke duba yara.

Ƙiyasin UNICEF na 2018 ya ce ciwon huhu ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 sama da 800,000 a duniya a shekarar, 162,000 daga cikinsu a Nijeriya, fiye da kowace ƙasa, har da Indiya mai ninkin yawanmu sau da dama. Nauyin ya fi faɗawa a Arewa, inda tamowa da hayaƙin itace da ƙarancin rigakafi suka haɗu a jikin yaro ɗaya.

Tun 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauƙaƙa ƙa'idar: yaro daga wata 2 zuwa shekara 5 mai saurin numfashi ko lotsawar ƙirji, wanda ba shi da wata alamar haɗari, ma'aikacin lafiya na iya ba shi amoksilin mai narkewa a ruwa ya sha a gida, a dawo da shi a sake dubawa. Wanda ya kasa shan nono ko ruwa, ko yake amayar da komai, ko yake jijjiga, ko ya galabaita ba ya farkawa sosai, wannan na babban asibiti ne ba tare da jiran wayewar gari ba, haka ma sabon jariri mai haki. Ƙirgen kansa kowa na iya yi, tun da yanzu kusan babu gidan da ba waya mai agogo. Sharaɗinsa yaro ya natsu, ba yana kuka ba, ba yana tsotso ba. A ɗage rigar, a kafa ido a ciki ko ƙirji, kowane tashi da sauka ɗaya ne. Kuma sai an cika mintin, domin numfashin ƙaramin yaro yakan yi sauri ya lafa ya sake tashi, wanda ya ƙirga na daƙiƙa 15 ya ninka sau huɗu zai iya samun 44 a yaron da numfashinsa 56 ne.